Gishiri a Bakin Rariya

Shafi na 17

Na Mansura Gado

Masu turo mini saƙo suna cewa kifi ne fa kawai, in ya mutu a sayo wani, na ga saƙonku. Wannan "kawai" ɗin naku ne ya sa na fara labarin nan tun farko. Ku karanta na yau a natse.

*

Tahira tana tsaye a ƙofar lise, makarantar da take koyarwa, tana jiran kabu-kabu, sai kiran Yunice ya shigo.

Yunice ƙawarta ce tun suna yara a Tsibiri, yanzu tana aikin awon jini da na ruwa a wani laburatuwar cikin gari. Ita ce Tahira ta kai wa kwalba ɗaya ta ruwan akwariyom ɗinta, akwatin da take kiwon kifin teku a ciki, don ta gaji da zato.

Yunice ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce ruwan cike yake da abin da takin zamani ke bari a ƙasa, kuma da wuya in babu maganin ƙwari a ciki, ko da yake na'urarsu ba ta iya tabbatar da wannan. Gishirin ma ya yi ƙasa da yadda Tahira ta ce tana haɗawa.

"Ke da kika ce tataccen ruwa kike zubawa," in ji Yunice. "Madam, wannan ruwan garka ne. Ko dai kin fara noman albasa a salo ba ki gaya mini ba?"

Tahira ba ta yi dariya ba. Ta yi godiya ta kashe wayar. Sai da mai kabu-kabu ya maimaita tambaya kafin ta ce masa unguwar Zariya.

Duk hanya abu ɗaya take juyawa a ranta. A zafin Maraɗi ruwa ne ke tashi sama ya bar gishiri a baya, ko ƴan ƙaramin aji sun san haka. Ke nan ma'aunin gishirinta hawa ya kamata ya riƙa yi. Amma tun wajen sallar layya sauka yake yi. Ta ƙara gishiri, ya sake sauka. Ta zargi ma'aunin, ta aika aka sayo mata sabo. Ta zargi buhun gishirin. Ta zargi kanta. Mutum ne kaɗai ba ta zarga ba, don su uku ne a gidan: ita, da mahaifinta Maman Lawali, da ƙanwarsa Gwaggo Saudatu.

Akwariyom ɗin yana salo, ɗakin zama, a jikin bangon da rana ba ta duka. Akwatin gilashi ne mai tsawon ƙaramar tabarma, da duwatsun teku a ciki, famfo na hura kumfa, ƴar fanka a sama tana fifita ruwan.

Kifin yana bayan dutse.

Irin da ake kira papiyon ne, malam-buɗe-littafin teku. Faffaɗa kamar faifai, siriri kamar ganye, rawaya kamar gwaiduwa. Baƙin layi ya ratsa idonsa kamar an ja masa kwalli, ga wani baƙin ɗigo kusa da wutsiya mai kama da ido, don ya ruɗi mai son cinye shi. Yau rawayar ta koɗe. Numfashinsa da sauri-sauri. Ta soka masa tsokar jatan lande a tsinke ta miƙa. Ya matso, ya duba, ya koma bayan dutsensa.

Biyu ta zo da su daga Kwatano, garin da ta yi karatu, a cikin akwatin ƙanƙara bisa cinyarta, tana roƙon direba a kowace tsayawa ya bar motar a inuwa. Kuma ba don ado ta yi ba. Tun da ta fara koyar da ilimin halittu, da alli take zana teku. Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa, su fita ba su yarda a ransu cewa akwai ruwan da ba a sha da halittar da ba ta rayuwa sai a cikinsa ba. Babu wanda abin ya dama. Haka aka koya wa na gaba, haka za a koya wa na baya, kowa ya gamsu. Asabar ɗin farko da ta kawo ƴan ajinta gida, wata yarinya ta tsoma yatsa ta lasa, sannan ta ce ashe da gaske ne. Wannan "ashe" ɗin Tahira ke wa wahala.

Ɗayan ya mutu da bazara, ranar da kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun safe har ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. Bayan nan ne ta sa fanon hasken rana da batir. Irin waɗannan kifaye biyu-biyu suke yawo, in ɗaya ya juya ɗayan ya juya. Wanda ya rage yanzu shi kaɗai yake juyawa. In shi ma ya tafi shi ke nan, don Tahira ta riga ta yi wa kanta alkawari ba za ta sake ɗauko wata halitta daga teku ta kawo ta nan ta mutu ba.

Ta fito tsakar gida ta wanke hannu.

Akuyar Gwaggo tana bakin rariya, ta durƙusa da ƙafafun gaba tana lasar ƙasa. Tahira ta sha ganinta a wurin, ba ta taɓa tsayawa ba. Yau ta tsaya. Ta kori akuyar, akuyar ta zagayo ta dawo. Ta sake korarta, ta tsuguna.

Bakin rariyar ya yi fari, wani ɓawo-ɓawo da ya bushe ya sake bushewa. Ta kankaro da farce ta ɗora a harshe.

Gishiri ne. Kuma ba na miya ba. Ta san ɗacinsa.

Wani yana kwasar ruwan akwariyom yana zubarwa a nan, yana cika gurbin da wani ruwan.

Gwaggo Saudatu tana ƙarƙashin rumfa tana tsinke zogala a faranti. Tahira ta zauna gabanta, ta buɗe tafin hannu ta nuna mata farin ɓawon. 

Gwaggo ta duba, ta ci gaba da tsinkar ganye. Ta ce akuyar nan dama kwaɗayi gare ta, ko takarda ta samu ci take yi. Ta tambaya ko an tashi lakwal da wuri ne yau. Ta ce akwai fura a firigo.

"Gwaggo."

"Ina jin ki."

"Wa ke zubar mini da ruwa?"

Hannun tsohuwar ya tsaya. Ta kalli ƙofar gida, inda moton yayanta, babur ɗinsa, yake tsayawa in yana nan. Wurin babu kowa, ya tafi garkarsa ta Jiratawa tun hantsi.

"Ba zubarwa yake ba," ta ce a hankali. "Ragewa yake."

Daga nan maganar ta fito, guntu-guntu, kamar ana zare ƙaya. Duk ranar da Maman Lawali ya dawo daga Jiratawa kafin Tahira ta taso daga aiki, da bido, babbar jarka, yake dawowa a bayan moto, cike da ruwan rijiyar garkarsa. Sai ya sa moɗa ya kwashi na cikin gilashin, ya zubar a rariya, ya cika da nasa. Ba ya zubarwa a gindin lemo, ya ce gishiri kashe itace yake. Gwaggo ce ke riƙe masa murfin.

"Ke ce ke riƙe masa murfin," Tahira ta maimaita.

"To ya ce in riƙe. In ce mishi mi?"

Tahira ɗiyar fari ce. Tun da aka yaye ta aka kai ta Tsibiri wurin Gwaggo, can ta girma. Maman Lawali bai taɓa kiran sunanta ba. In zai ambace ta, sai ya ce ɗiyar Saudatu. In suna wuri ɗaya, bango yake wa magana, ko Gwaggo, ko buta. Ƙanenta Nabil, da ke karatu a Yamai, har hula yake cire wa tsohon in ya zo hutu, suna ta barkwanci. Ita kuwa gaisuwa ce daga nesa a durƙushe, ya amsa yana kallon wani wuri. Kowa ya san ba ƙi ba ne. Kunya ce. Da mahaifiyarta Tsahara ta rasu, Gwaggo ta baro Tsibiri ta zo riƙe wa yayanta gida, Tahira ta biyo ta. Tun ranar duk wata magana tsakanin uba da ɗiya ta bakin Gwaggo take bi.

Yanzu Tahira ta tuna. Ranar da kifin farko ya mutu, Gwaggo ta zo ta ce mata Baba na tambaya me ya kashe shi. Ta zauna ta yi bayani dalla-dalla: zafi ne, kuran ne ya ɗauke, ruwan ya yi ɗumi iska ta ƙare a ciki. Har ta ce a gaya masa kar kowa ya taɓa ruwan, don gishirin da awo ake sa shi.

"Me kika je kika ce masa a ranar?"

Gwaggo ta gyara ɗankwali. "Na ce kwana ne ya ƙare."

"Shi ke nan?"

"To ƙarya na yi? Ba kwana ba ne?"

"Zancen kar a taɓa ruwan fa?"

Gwaggo ta ture farantin. Ta ce ta yaya za ta tsaya gaban yayanta, a gidansa, ta ce ɗiyarka ta ce kar ka taɓa? Wane baki? Ita ba a yi mata irin wannan tarbiyya ba, kuma ba ta yi wa Tahira ba. Ta ce shi ma ya sha ba ta saƙo. Ya ce a tambayi ɗiyarta ko gishirin nan bai yi yawa ba. Ya ce a tambaye ta ko dabbar nan ba ta jin ƙishi. Ita kuma ta ga tambayoyin kamar za su sa a raina shi, mutum da furfurarsa yana tambayar ko kifi na jin ƙishi. Sai ta dawo ta ce masa ɗiyar ta ce ba komi.

"Ban taɓa cewa ba komai ba."

"Ni na ce. Don a zauna lahiya."

Ran Tahira ya ɓaci. Ba wai don ruwan ba. Don kalmar nan ce, zaman lafiya. A wurin aiki ita ce, a asibiti ita ce, a layi, a kan hanya, a gidan biki. Abu yana lalacewa a gaban idon mutane uku, kowa ya gani, kowa ya haɗiye, a kira shi zaman lafiya. Mutum ya yi tambaya ta gaskiya, a mayar masa da amsar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba, ita kuma ba za ta gyara komai ba. Ga shi yau lafiyar da aka zauna tana bayan dutse tana haki.

Amma da ta dubi Gwaggo, matar da ta goya ta, ta ga ta sunkuyar da kai. Sai ta sassauta murya. Ta ce ruwan Jiratawa da taki a ciki, da maganin feshi, kuma shi ke kashe kifin.

Gwaggo ta dafe ƙirji. Ta yi salati ƙasa-ƙasa.

Ta ce to a bar mata. Za ta san yadda za ta yi. Za ta ɓoye moɗar, ko ta ce masa bidon ya huje, ko ta riƙa juye ruwan a randa kafin ya shiga salo. A hankali zai daina, ba tare da ya san ya yi ɓarna ba.

"Kin san tun da Tsahara ta tahi ban ga ya zauna wuri ɗaya ba sai gaban gilashin nan? Kina fita da sahe yake jawo kujera. In kika ce mishi shi ya kashe, mi kika bar mishi?"

 Tahira ba ta san da kujerar ba.

Ba ta kai ga amsawa ba suka ji ƙarar moto a ƙofar gida.

Maman Lawali ya shigo da sallama, ƙafafunsa da busasshen laka, damin zogala a hammata, bido mai ruwan ɗorawa a ɗaya hannun. Dogon mutum ne da shekaru suka ɗan tanƙwara. Ya ga Tahira a lokacin da bai saba ganinta a gida ba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa wa rumfa.

Ya ɗan tsaya da bidon, kamar zai ajiye. Sai ya wuce da shi salo.

Gwaggo ta riƙo bakin zanen Tahira. Tahira ta zare a hankali ta bi shi.

Ya ajiye bidon a gindin akwariyom. Ta zo ta tsaya tsakaninsa da gilashin. A iya saninta ba su taɓa tsayuwa kusa haka ba. Har warin taki da rana ta ji a rigarsa.

Ya juya wajen ƙofa, inda Gwaggo ta tsaya.

"Saudatu, ce ma ɗiyarki ta ɗan matsa."

"Baba," in ji Tahira, "ku yi haƙuri. Ba zan matsa ba."

 Gwaggo ta rufe baki da mayafi.

Bai dube ta ba. Gwaggo ya ci gaba da yi wa magana, muryarsa ba faɗa a ciki. Ya ce shi bai yi lakwal ba, amma gishiri ya san shi. Ya ga shekarar da ƙasa ta yi fari a fangalin da ke gefen kanal ɗin ban ruwa, ko ciyawa ba ta fito ba. Ya ce tun yana yaro, kifi in an sa masa gishiri to an gama da shi ne, shanya ta rage. Da ɗan'uwan wannan ya mutu ya tambaya, aka ce kwana. Sai ya jira babu kowa ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Ya ce har yamma bakinsa bai dawo daidai ba.

"Na ce wanda ya yi saura, ba zan zauna ina kallo ba. Abu shi kaɗai, babu ɗan'uwa, ga shi cikin wuta. Na ɗebo mishi ruwan da ni kaina nike sha. Duk Jiratawa babu rijiya mai daɗin tawa."

Ya faɗi haka yana kallon Gwaggo. Amma Gwaggo ƙasa take kallo.

Tahira ta durƙusa. Ba ta bar wurin ba, amma ta durƙusa, don kar maganar ta fito daga sama.

Ta ce tambayoyin da ya aiko ba su iso ta ba, sai yau. Kuma tambayoyi ne masu kyau, ɗalibanta ma ba su yi irinsu ba. Ta ce kifin gulbi da na teku ba ɗaya ba ne, kamar yadda shinkafa ke son ƙafarta cikin ruwa, gero kuwa in ruwa ya kwanta masa ya ruɓe, kuma duka hatsi ne. Wannan a cikin gishiri aka haife shi, jikinsa da shi aka gina. Ɗan'uwansa zafi ne ya kashe shi, ba gishiri ba. Ta ce rijiyar garka tana tsakiyar fangali, duk takin da aka watsa da maganin da aka fesa ƙasa suke bi su sauka. Mutum babba ba ya jin su a harshe. Kifi mai faɗin tafin hannu numfashi yake yi da su.

Maman Lawali bai motsa ba.

"Saudatu," ya ce, "tambaye ta. Tana nuhin ruwana ne?"

Gwaggo ta buɗe baki. Tahira ta ga amsar tana haɗuwa a fuskarta, mai laushi, mai santsi, wadda ba za ta ji wa kowa ciwo ba.

"Baba, ni ce a gabanku," ta ce. "E. Ruwanku ne."



Ta ƙara da cewa ba shi kaɗai ba ne. Ita ma duk lokacin da ta ga awo ya sauka, sai ta narka gishiri ta mayar a tashi ɗaya. Shi yana ja ƙasa, ita tana ja sama, kifin yana tsakiya. Mutum biyu a gida ɗaya, kowa yana ceton abu ɗaya, babu wanda ya san da wani. Ta ce kuma rijiyar nan, tana roƙonsa, ya bari Yunice ta auna ta kafin ya ci gaba da sha.

Ya daɗe yana kallon gilashin ta saman kanta. Kifin ya ɗan leƙo daga bayan dutse, ya yi gefe kamar iska ta kaɗa ganye, ya gyara, ya koma.

"Zai tashi?" ya ce. Gilashin ya tambaya.

"Ban sani ba."

Gwaggo ta yi saurin cewa in sha Allahu zai tashi, ba komi.

"Gwaggo, in Allah ya so zai tashi. Amma da komai. Ban sani ba, Baba. Zan canza ruwan kaɗan-kaɗan, in sa gawayin tacewa ya tsotse maganin. In ya karɓi abinci, akwai fata. In bai karɓa ba..."

Ba ta ƙarasa ba.

Tsohon ya sunkuya ya ɗauki bidonsa. Ya fi yi masa nauyi yanzu fiye da lokacin shigowa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ciro moɗar daga bayan labule inda yake ɓoye ta, ya miƙa wa Gwaggo ba tare da ya dube ta ba. Suka ji yana juye ruwan a gindin lemo, har ƙarshe, har ya bubbuga gindin bidon.

Da la'asar bai fito shan shayi a ƙofar gida ba. Tuwon da aka kai masa ya dawo da murfinsa.

Gwaggo ba ta yi wa Tahira faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ke nan. Ta dai ce, tana kwashe kwanoni, ta yi fatan kifin ya kai abin da aka biya saboda shi yau. Ta ce akwai maganar da in ta fita ba ta komawa, kuma uba ba ɗan aji ba ne.

 Tahira tana tsaye gaban akwariyom da siririn tiyo, sabon ruwa yana sauka ɗigo-ɗigo, don in aka yi gaggawa gyaran ma kisa ne. Tana ɗigawa tana tambayar kanta. Da ta bar wa Gwaggo, da an ɓoye moɗa, da an ce bido ya huje, da kifin ya samu ruwansa, tsohon ya riƙe kujerarsa. Wa aka cuta? Sai kuma ta tuna da ya ce ko dabbar nan ba ta jin ƙishi. Mutum ya yi wata da watanni da tambaya a bakinsa, ɗiyarsa mai amsar tana ɗaki na gaba, an hana ta isa. Gobe ba kifi ba ne. Gobe maganinsa ne na hawan jini, ko takardar garka, ko ciwon da yake ɓoyewa. Nan ma Gwaggo za ta dawo ta ce an ce ba komi.

Duk da haka, da ta tuna yadda ya ɗauki bidon, sai ta ji kamar ita ce ta ɗora masa.

Washegari Asabar ce, amma ta aika wa ƴan ajinta kar su zo.

Rana ta ɗaga, moton Maman Lawali yana nan a ƙofar gida, bai tafi Jiratawa ba. Tahira ta leƙa kifin bayan ta idar da salla, yana nan yadda yake, ba gaba ba baya. Ta bar tsokar jatan lande a ƙaramin faranti ta narke, da tsinken a gefe, ta fito tsakar gida haɗa wani ruwan. Tana tsugune gaban babbar roba tana juya gishiri da muciyar da ta ware don haka. Gwaggo tana dama koko, ba ta ce mata uffan ba tun gaisuwa. Akuya ta je bakin rariya, ta shinshina, ta lashi abin da ya rage.

Suka ji an ja kujera a salo.

Gwaggo ta dubi Tahira. Tahira ta ci gaba da juyawa. Ta ce a ranta ba za ta bi shi ba, ta riga ta faɗi abin da za ta faɗa. In ma wani bidon ya shigo da shi, to ta yi iyakar yinta.

 Gishirin ya narke, ruwan ya washe.

"Tahira."

Ba ta juya ba. Ta ɗauka daga maƙwabta ne, don sunan ya zo da muryar da ba ta taɓa jin sa a cikinta ba. Sai ta ga ludayin Gwaggo ya tsaya a sama, koko na zuba daga bakinsa yana komawa ƙwarya.

"Tahira. Ke nike kira."

Muciyar ta sulale cikin roba.

Gwaggo ta yunƙura za ta tashi, kamar kullum, ta je ta karɓo saƙo. Muryar ta sake fitowa daga salo.

"Zauna, Saudatu."

Tahira ta shiga da jiƙaƙƙen hannu. Yana tsaye gaban akwariyom, babbar rigarsa ta rufe gilashin gaba ɗaya. Murfin yana ƙasa, jingine da bango. Babu bido, babu moɗa. Hannunsa na dama a jiƙe yake har gwiwa, tsinken yana tsakanin yatsunsa, babu komai a bakin tsinken sai ɗan zaren tsokar jatan lande da ya maƙale.

"Baba, me ya faru?"

Ya juyo. Ba bango ya duba ba, ba ƙofa ba. Idonsa ya sauka a nata, ja, kamar wanda bai runtsa ba.

"Ni ban san abin da nike gani ba," ya ce. "Kuma ba ni son a ce mini ba komi. Matso ki duba, ki gaya mini da bakinki."

Ya ja gefe.